Jarrabawa Ɗaya, Satifiket Biyu: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Neman Takardun Ƙwarewar Kwamfuta

Kuɗin jarrabawar Microsoft, Cisco, CompTIA da AWS da dala ake biyansa. Ga matashin da ke Babura ko Ringim ko Karaye, sau da yawa sai an sayar da riɗi ko an kai rago kasuwa kafin kuɗin zama ɗaya ya haɗu. Shi ya sa masu koyon aikin kwamfuta a garuruwanmu ba sa gajiya da tambayar ko jarrabawar da suka ci za ta sake yi musu amfani a wata takardar. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa. Kamfanonin nan suna sauya dokokinsu lokaci zuwa lokaci, saboda haka ranar da za ka biya kuɗi, ka fara buɗe shafin kamfanin ka karanta sharuɗɗan takardar da idonka.

Wai da gaske ne jarrabawa ɗaya tana iya shiga lissafin satifiket biyu?

Da gaske ne, amma ba kowace ba. Jarrabawa daban, satifiket daban. Jarrabawa ita ce zaman da ka yi a gaban kwamfuta, tana da lambarta, kamar AZ-104 ko 350-401. Satifiket kuwa suna ne da kamfani ke ba ka idan ka cika sharuɗɗan da ya jera. Idan lambar jarrabawarka ta fito a jerin sharuɗɗan takardu biyu, za a ƙirga maka ita a duka biyun, ba tare da ka sake zama ko ka sake biya ba. Amfani da ita a takarda ta farko ba ya cinye ta.

Sharuɗɗa uku ne dai ba sa canzawa: lambar ta kasance a jerin da kamfanin ya wallafa, wa'adinta bai ƙare ba, kuma dukkan sakamakonka yana cikin asusu ɗaya. Kowannensu yana da amsarsa a ƙasa.

To kamar haɗa sakamakon WAEC da NECO ke nan?

Ta wata fuskar haka ne. Kamar yadda ɗalibi ke ɗauko kiredit na Lissafi daga zama ɗaya, na Turanci daga wani, ya haɗa biyar ya nemi makaranta, haka nan ake tara jarrabawa ɗaya bayan ɗaya har takarda ta cika. Kuma kiredit ɗin da ka nema wa kanka kwaleji da shi bai hana ka nemi jami'a da shi ba.

Inda suka rabu wuri biyu ne. Na farko, a nan babu wata hukuma ta tsakiya da ke karɓar sakamakon kowa. Cisco nasa kawai yake ƙirgawa, Microsoft ma haka. Na biyu, sakamakon sakandare yana nan har tsufanka, waɗannan kuwa yawancinsu suna mutuwa cikin shekara ɗaya zuwa uku idan ba a sabunta ba.

Malam, a ba mu misali daga Microsoft.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne AZ-104, jarrabawar mai kula da Azure, dandalin Microsoft na ajiye bayanai da gudanar da manhajoji ta intanet. Ranar da ka ci ta, ka samu takardar matakin tsakiya. Wannan takardar ita ce sharaɗin samun takardar ƙwararren mai tsara Azure, wadda jarrabawarta ita ce AZ-305. Ita ce kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan da ake karɓa ga takardar ƙwararren DevOps (haɗa aikin gina manhaja da na gudanar da ita), mai jarrabawar AZ-400. Wato da zama uku kana da takardu uku, biyu daga ciki na matakin ƙwararru, kuma AZ-104 ce ta riƙe dukkansu.

A ɓangaren tsaro ma akwai irin wannan. SC-300, wadda ke kan sarrafa shaidar masu shiga tsari da izininsu, tana cikin sharuɗɗan da ake karɓa ga takardar ƙwararren tsaro mai jarrabawar SC-100, kuma tana cikin na takardar ƙwararren mai kula da Microsoft 365 mai jarrabawar MS-102. Wanda ya zaɓi SC-300 tun farko ya buɗe wa kansa ƙofa biyu. Makin cin jarrabawa 700 ne cikin 1000, kuma wanda ya samu 950 bai fi mai 700 yawan kiredit ba. Ci kawai ake dubawa.

Na ci AZ-900. A ina za a ƙirga min ita?

Babu ko'ina. AZ-900 da 'yan uwanta masu ƙarewa da 900 jarrabawar share fage ce. Suna ba ka takardarsu, takardar ba ta da ranar mutuwa, amma ba sa cikin sharaɗin kowace takarda ta sama. Ga wanda bai taɓa ganin Azure ba, karatunta yana da amfani ƙwarai, kuma kyauta yake a Microsoft Learn. Amma idan kuɗin zama ɗaya ne kacal a hannunka, ni shawarata ka karanta darussan AZ-900, ka ajiye kuɗin ka biya AZ-104. Sai fa idan an ba ka baucar kyauta, wannan kam a zauna.

Yaya abin yake a Cisco? An ce sai da CCNA ake yin CCNP.

Tsohuwar doka ce. Tun ranar 24 ga Fabrairu, 2020 Cisco ya sake fasalin takardunsa: CCNA, takardar aikin netwok ta matakin ƙasa, ta koma jarrabawa ɗaya, 200-301, kuma aka cire ta daga sharuɗɗan CCNP, wadda ke samanta. Wannan ba ya nufin a tsallake ta. Wanda bai iya raba adireshin netwok da hannu ba, lallai zai sha wuya a matakin sama, kuma masu ɗaukar aiki CCNA suka fi sani.

A tsarin yanzu CCNP jarrabawa biyu ce: ta ginshiƙi ɗaya, da ta zaɓi ɗaya daga fannin da kake so. A nan ne ribar take. Ɗauki 350-401, wadda ake kira ENCOR. Cin ta kaɗai yana ba ka takardar Specialist. Ita ce rabin CCNP Enterprise. Ita ce kuma jarrabawar da ke ba ka damar zuwa gwajin aiki na sa'a takwas na CCIE Enterprise Infrastructure, matakin ƙwararru da ke saman CCNP. Aiki uku ke nan da dala 400. Ta zaɓin ma tana zuwa da tata takardar Specialist, don haka duk mai CCNP a zahiri takardu uku ne da shi.

A fasalin 2020 har akwai jarrabawar zaɓi da ke zaune a gida biyu, kamar 300-435, wadda a lokacin ake ƙirgawa a CCNP Enterprise da kuma DevNet Professional. Masu wayo sun riƙa zaɓenta saboda haka. Irin wannan haɗuwa ce ya kamata ka riƙa nema a jerin zaɓi kafin ka yanke shawara. Ka lura dai, jarrabawar ginshiƙi ta wani fanni ba ta haɗuwa da ta zaɓin wani fannin: ENCOR ba za ta zama ginshiƙin CCNP Security ba.

Wani abokina yana da takardun CompTIA uku, amma a CV ɗinsa ya rubuta biyar. Ƙarya yake yi?

Mai yiwuwa gaskiya ce. CompTIA yana da tsarin ɗora takarda kan takarda: idan kana riƙe da wasu takardu masu rai a lokaci guda, sai ya ƙara maka wani suna ba tare da jarrabawa ko kuɗi ba. A+ da Network+ suna haifar da CIOS. Idan aka ƙara Security+ a kansu sai CSIS ta fito. Security+ da CySA+ suna ba da CSAP. To ga mai A+, Network+ da Security+, uku sun zama biyar ke nan.

Sai dai kada a ɗora wa waɗannan sunaye nauyin da ba su da shi. Mai ɗaukar aiki a Kano ko Abuja zai tambaye ka Security+, da wuya ya tambaye ka CSIS. Ka sa su a CV a layi ɗaya, ka bar manyan a sama. Kuma kada ka biya wata jarrabawa don kawai ta cike maka irin wannan suna.

Wani tarko a A+: jarrabawa biyu ce, kuma dole su fito daga zubi ɗaya, wato fitowa ɗaya ta jarrabawar. Wanda ya ci 220-1101 ba zai haɗa ta da 220-1202 ba. Duba amsar da ke kan ritayar jarrabawa.

Takardar wani kamfani tana yin amfani a wurin wani kamfanin?

Wajen samun sabuwar takarda, kusan a'a. A da an fi samun haka. Zamanin Windows Server 2003, mai A+ da Network+ yana iya gabatar da su a madadin jarrabawar zaɓi ta MCSA, tsohuwar takardar Microsoft. Haka wanda ya ci tsohuwar Linux+ yana iya karɓar LPIC-1, takardar Linux ta ƙungiyar LPI, a kanta, har zuwa 2019 da wannan haɗin gwiwa ya ƙare. Har yanzu za ka ji tsofaffin malamai suna faɗin wannan kamar yana nan, ya wuce.

Abin da ya rage iri biyu ne. CompTIA yana karɓar wasu takardun Cisco, Microsoft da AWS a matsayin makin ci gaba da karatu wajen sabunta takardunsa, idan ka ɗora shaidar a asusunka. Sannan ƙungiyar ISC2, mai ba da takardar tsaro ta CISSP, yana neman shekara biyar na aiki, amma yana yafe shekara ɗaya ga mai digiri ko mai wata takarda daga jerin da ya amince da shi. Shekara ɗaya ce tak, ko da takardu goma ka kawo, kuma jarrabawar kanta babu wanda ake yafe wa.

Dole ne a bi su a jere, daga ƙasa zuwa sama?

Ya danganta da gidan. A Microsoft kana iya zama AZ-305 kafin AZ-104. Sakamakon zai zauna yana jira, takardar ƙwararren ba za ta fito ba sai ka cika ɗayan sharaɗin. A Cisco ma babu laifi ka fara da ta zaɓi. AWS kuwa ya cire sharaɗin jere gaba ɗaya tun 2018, kowa na iya shiga matakin da ya ga dama. A LPI, LPIC-2 ba ta fitowa sai kana da LPIC-1 mai rai.

Halatta daban, dacewa daban. Wanda ya fara da ta sama ya biya kuɗi ya koma gida hannu wofi sai wata rana, wanda ya fara da AZ-104 kuwa ya koma da takardar da zai nemi aiki da ita tun a makon.

Jarrabawar da na ci tana tsufa? Me ake nufi da an yi mata ritaya?

Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na farko wa'adin takarda: Microsoft shekara ɗaya ne a matakin tsakiya da na ƙwararru, Cisco da CompTIA da AWS shekara uku, LPI shekara biyar. Idan takardar da kake son jingina da ita ta mutu kafin ka ci ta sama, ba za a ƙirga ta ba. Wanda ya ci AZ-104, damina ta zo ya shiga gona, kaka ta zo ya shiga kasuwa, ya waiwayo bayan wata 14 ya ci AZ-305, zai tarar babu takardar ƙwararre, domin ta ƙasan ta mutu. A Cisco, jarrabawa biyun CCNP dole su haɗu cikin shekara uku.

Na biyu ritaya: kamfani ya daina ba da wata jarrabawa daga rana kaza. Takardar da ka riga ka samu ba a ƙwace ta. Wanda abin ke cutarwa shi ne mai rabin hanya, wanda ya ci ɗaya daga cikin biyu. Ana sanar da ranar ritaya watanni kafin ta zo, don haka idan takarda mai jarrabawa biyu za ka nema, kada ka fara sai kana hangen kuɗin ta biyun. Kafin ka sayi littafi ko ka sauke bidiyo da datarka, duba lambar da ke jikinsu ko ita ce ake zama yanzu.

Idan takarduna sun yi yawa, kowacce sai na sake zama don sabunta ta?

A nan ne jarrabawa ɗaya ta fi yin aiki da yawa. A Cisco, cin jarrabawar ginshiƙi ta matakin CCNP yana sabunta CCNA ɗinka. Ana kuma iya sabuntawa da makin ci gaba da karatu: 30 ga CCNA, 80 ga CCNP, 120 ga CCIE. A CompTIA, ta sama tana jan na ƙasa: wanda ya ci ko ya sabunta Security+ ya sabunta Network+ da A+ tare. Makin da ake nema 20 ne ga A+, 30 ga Network+, 50 ga Security+, amma na babbar kawai za ka cika. A AWS, cin matakin Professional na mai tsara tsari yana sabunta Associate ɗinsa, kowace Associate kuma tana sabunta Cloud Practitioner, takardarsa ta share fage.

Wannan yana da dabara ta lokaci. Mai A+ da ya ci Network+ wata biyu bayanta bai ƙaru da wani abin kirki ba ta fuskar sabuntawa. Wanda ya ci ta a shekara ta uku ya samu sabuwar takarda, ya kuma tsawaita tsohuwar da kuɗi ɗaya.

Microsoft ne ya fita daban. Kowace takarda da kanta ake sabunta ta, ta sama ba ta jan ta ƙasa. Sauƙin shi ne kyauta ne: gajeren gwaji a Microsoft Learn, babu mai sa ido, kuma ƙofarsa tana buɗewa wata shida kafin wa'adi. Wanda ya bari ranar ta wuce sai ya biya cikakkiyar jarrabawa. Sa ranar a kalandar wayarka, kada ka dogara da imel ɗin da ba ka buɗewa.

Na yi rajista sau biyu da imel daban-daban. Akwai matsala?

Akwai, kuma ita ce ta fi kama mutanenmu. Na'urar kamfani ba ta san cewa Muhammad Sani Gumel na wannan imel shi ne Mohammed S. Sani na wancan ba. A wurinta mutum biyu ne, kowanne da rabin takarda. Yawanci abin yana faruwa ne idan mai shagon kwamfuta ya yi wa mutum rajista da imel ɗin shago, ko aka yi amfani da na makaranta ko na wurin aiki, wanda ake rufewa da zarar ka bar wurin. Ka buɗe asusun da imel ɗinka na kanka, da lambar wayar da ba za ka yar ba. A Cisco ka rubuta lambarka mai farawa da CSCO a littafi, ka riƙa shigar da ita duk lokacin rajista.

Idan an riga an yi, ana gyarawa: rubuta wa sashen taimako na kamfanin ka nemi a haɗe asusun, tare da rahoton sakamakon kowace jarrabawa. Batun suna kuma, ka rubuta shi harafi da harafi yadda yake a katin shaidar da za ka nuna ranar zama. Idan sun saɓa, mai sa ido na iya hana ka shiga, kuɗin kuma ya tafi.

Na yi horon 3MTT, ina kuma da difloma daga Kazaure. Za su rage min jarrabawa?

Ba za su rage ba. Shirin 3MTT na horar da mutane a fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, da difloma, da kwas ɗin cibiyar koyon kwamfuta ta garinku, duk karatu ne mai amfani, amma takardar kammala kwas ba sakamakon jarrabawar kamfani ba ce. Hatta wanda ya gama darussan CCNA a Cisco Networking Academy bai zama mai CCNA ba sai ya zauna 200-301. Abin da ya kamata ka tambayi malaminka shi ne ko kwas ɗin yana zuwa da baucar ragi.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne: CCNA ba ta maye gurbin ND ko NCE ko IJMB wajen neman shiga aji biyu a jami'ar Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa.

Yayana yana da MCSA tun tuni. Zai iya ɗorawa a kai?

Microsoft ya yi wa MCSA, MCSE da MCSD ritaya ranar 31 ga Janairu, 2021. Suna nan a tarihin asusunsa, yana da ikon rubuta su a CV da shekararsu, amma ba sa cikin sharaɗin sababbin takardu. Abin da zai ɗora a kai shi ne ilimin da ke kansa.

Kuɗina kaɗan ne. Ta yaya zan tsara abin?

Fara daga ƙarshe. Zaɓi aikin da kake so nan da shekara biyu, ka nemo takardar da masu ɗaukar wannan aikin ke ambata, ka rubuta lambobin jarrabawarta a takarda. Rubuta na takarda ta biyu da kake sha'awa a gefe. Lambar da ta fito a duka biyun, da ita za ka fara. Idan babu wadda ta fito sau biyu, to gida biyu kake son shiga lokaci guda, gara ka zaɓi ɗaya. Mai AZ-900 da Cloud Practitioner da wata ƙaramar takardar Oracle ya biya sau uku, kuma babu wadda ta ɗaga wata.

Ga farashi don kwatance: CCNA dala 300, AWS dala 100, 150 da 300 bisa mataki, kuma wanda ya ci ɗaya ana ba shi ragin rabin kuɗi a ta gaba, wanda shi ma wani nau'in ƙirgawa ne. Microsoft yana sa farashi gwargwadon ƙasa, don haka ka zaɓi Najeriya a shafin ka ga naka. Sanya kuɗin mota zuwa cibiyar Pearson VUE, inda ake zaman jarrabawar, a lissafi. Zama daga gida yana yiwuwa, amma yana son ɗaki rufaffe da ba mai shigowa, kyamara, wuta da ba za ta ɗauke ba, da intanet mai ƙarfi. A gidan da yara ke leƙe kuma sabis sai an fita tsakar gida, shiga birni ya fi kwanciyar hankali.

Akwai masu sayar da tambayoyin jarrabawa, wasu ma su zauna maka. Mene ne haɗarin?

Dukkan kamfanonin nan sun haramta hakan, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga soke sakamako, ƙwace takardu da hana mutum zama. Ga mai ɗora takarda kan takarda asarar ta fi girma, domin idan aka soke ta ƙasa, duk abin da ya jingina da ita ya rasa sharaɗinsa. Sayen bauca mai arha daga wanda ba ka san inda ya samo ta ba shi ma yana iya jawo soke sakamako.

Na cika sharuɗɗa duka, amma takarda ta biyu ba ta fito ba. Me zan yi?

Ba ta 'yan kwanaki tukuna, sakamako ba ya isa asusun kamfani nan take. Idan shiru ya yi yawa, duba abu uku a jere: shin duka sakamakon suna cikin asusu ɗaya, shin takardar ƙasa tana da rai ranar da ka ci ta sama, shin lambobin daga zubi ɗaya suke. A Cisco ka duba ko akwai yarjejeniyar da ba ka amince da ita ba a asusunka. Idan duk sun yi daidai, buɗe ƙorafi a sashen taimako, ka saka lambarka ta ɗan jarrabawa, lambar rajistar kowane zama da kwanan wata. Rahoton sakamakon da aka ba ka ranar jarrabawa shi za su fara tambaya, don haka ka ɗauki hotonsa ka tura wa imel ɗinka tun kafin ka bar cibiyar.